Ƙuraje sun baje, yaro ya ƙi tashi: muhawarar baƙon dauro a zauren dangi

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sa Gambo a addu'a. Baƙon dauron da ya yi ya sake shi tun satin da ya wuce, ƙurajen sun baje, fatar tana ta zuba kamar dusa, har mun yi murna. To jiya da la'asar zazzaɓi ya dawo, ga zawo, ga shi ya ƙi buɗe ido. In na ɗaga labule sai ya kifa fuska a cinyata yana kuka. Nono ma in ya kama sai ya saki. Wai dama haka yake yi?

Auta: Wa'alaikumus salam Yaya. Allah ya ba shi lafiya. Na kunna wa Gwaggo saƙonki, ga amsarta yadda ta faɗe ta, don kada a ce na ƙara gishiri: "Ki ce mata ta kwantar da hankalinta. Baƙo ne, ya zo ya tahi, wanga saura ne. Duk ɗiyan da nih haihwa babu wanda bai yi shi ba. Kar ta bari iska ta buge shi, kar ta sa mishi ruwa, ta ruhe ɗaki. Idon kau ta ɗiga mishi nono, ta zizara mishi kwalli. Kuma kar ta yarda a yi mishi allura, ita ka maida baƙo ciki."

Anti Nas: Maman Biyu, ajiye duk abin da kike yi. Ɗage masa riga, ki bari ya yi shiru, ki duba agogon waya ki ƙirga sau nawa cikinsa ke ɗagawa a minti ɗaya cif. Sannan ki duba ƙasan haƙarƙarinsa, yana lotsawa ciki in ya ja numfashi? Watansa nawa yanzu? Gwaggo, ki yi mini afuwa, zan dawo kan maganarki.

Maman Biyu: Wata 20. Na ƙirga sau biyu, 54 da 52. Wurin yana lotsawa Anti, har hancinsa na buɗewa.

Anti Nas: To ki goya shi yanzu. Yaron da ya wuce shekara ɗaya, in numfashinsa ya kai 40 a minti, ana zargin ciwon huhu ne, balle ga lotsawar ƙirji. Kuma ciwon huhu shi ne ya fi komai kashe yaran da suka yi ƙyanda, wato baƙon dauro. Kada ki tsaya kemis, asibitin da ake kwantarwa za ki. A hanya ki ci gaba da ba shi nono, ki dama ledar gishiri da sukari guda a ruwa mai tsabta lita ɗaya kina ba shi da cokali. Kada ki sa komai a idon nan. In kin isa, tun daga ƙofa ki ce ƙyanda ya yi, kada ki zauna cikin layin masu jarirai.

Maman Biyu: Babansu ya tafi kasuwar Mafara tun asuba, wayarsa ba ta shiga.

Yaya Babba: Ni na ba ki izini, in ya dawo ni zan yi masa bayani. Na kira mai mashin ɗin nan na bakin masallaci, na tura masa kuɗin mai. Ku fita yanzu da sauran rana, kin san hanyar nan ba a bin ta da yamma.

Kawu na Kaura: Allah shi ba shi lahiya. Amma ni abin ga na ba ni mamaki. Da can baƙon dauro ko suna ba a kira mishi da cuta. Yaro ya yi kwana bakwai ɗaka, a ba shi kunun tsamiya, ya tashi. Yanzu kowane abu sai an ce asibiti, an ce gaggawa. Ku 'yan boko kun cika tada hankalin mutane.

Anti Nas: Kawu, da yawa sukan tashi ɗin, gaskiya ne. Shi ya sa ake raina ta. Amma inda muke yin kuskure shi ne muna ɗaukar ƙurajen su ne ciwon. Ƙurajen shaida ce kawai, su suka fito waje muka gani. Ƙwayar tana cikin huhu, da hanji, da ido, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Ta kan ɗaye fatar cikin hanji da ta maƙogwaro kamar yadda kuka ga ta waje tana zuba. Shi ya sa zawo, shi ya sa baki ya yi gyambo yaro ya ƙi ci. A ɗakin yara da nake aiki, ba wanda ƙuraje ke jikinsa ne ya fi ba mu wahala ba. Wanda uwarsa za ta ce "ai ya warke tun sati biyu" ne, a kawo shi ya rame, ƙafa ta kumbura, ido ya yi fari.

Auta: Akwai abin da aka koya mana a aji da ya tsaya mini a rai. Ƙyanda tana goge wa jiki abin da ya haddace. Wato duk cutar da yaro ya taɓa yi, jikinsa na ajiye yadda zai yaƙe ta in ta dawo. To ƙwayar ƙyanda waɗannan masu ajiyar take bi tana kashewa. A 2019 an fitar da binciken da aka yi kan yaran da ba a yi wa rigakafi ba a ƙasar Holan, aka ga bayan sun yi ƙyanda sun rasa daga kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na makaman garkuwar da ke jininsu. Yaran Turai kenan masu cin mai kyau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ita ce ke tsaga bangon.

Kawu na Kaura: Auta, yaushe anka haihe ki har kika san Holan?

Auta: Tuba nake Kawu, a takarda na gan ta.

Yaya Babba: Kawu, bari in faɗi abin da ban cika son tunawa ba. Kowa a zauren nan ya san 'yata ta biyu ba ta ji da kunnen hagu. Ba haka aka haife ta ba. Tana shekara uku ta yi baƙon dauro, muka rufe ta a ɗaki kamar yadda aka saba. Bayan ta tashi kunnen ya fara zubar da ruwa, mai wari, muna toshewa da auduga. Wata huɗu muna haka. Ranar da na gane abin da ya faru, ina bayanta na kira ta sau uku ba ta waiwayo ba, har na ɗaga hannu zan make ta don na zaci raini ne. Yau tana aji biyar, malaminsu a gaba yake zaunar da ita, in za ka yi mata magana sai ka zagayo dama. In aka tambaye ni ko ta warke daga ƙyanda, me zan ce?

Malam: Innalillahi. Allah ya sa kaffara ce, ya ba ta lafiya.

Ɗan Kemis: Anti, tambaya. Mata na zuwa wurina da yara masu jan ido bayan baƙon dauro, suna neman maganin ɗigawa. Akwai wanda in na ba su, kwana biyu jan ya tafi. Laifi ne?

Anti Nas: Duba jikin kwalbar. In ka ga an rubuta dexamethasone ko betamethasone ko wani ɗan gidansu, don Allah ka daina ba mai ƙyanda. Jan zai tafi, uwa ta yi godiya, amma in akwai gyambo a baƙin idon, maganin zai ƙara zurfafa shi har idon ya fashe. Ga yadda abin yake. Ƙyanda tana ƙone sinadarin bitamin A da ke jikin yaro, kuma yawancin yaranmu dama ɗan kaɗan gare su. In ya ƙare sai ido ya bushe. Da fari yaro ya yi dundumi, magariba na yi ya fara laluben bango. Sai ya ƙi haske kamar yadda Gambo ke yi. Sai baƙin idon ya yi gyambo, in ya warke ya bar hakiya, in bai warke ba ya narke. Wannan kan faru cikin 'yan kwanaki. Mabaratan da muke ba sadaka a bakin kasuwa, da za a bi tarihin wasu, daga nan makantar ta faro.

Maganinsa kuma ba shi da tsada. Ɗan kwanson nan ne da ake yanke wa baki a matsa wa yaro a harshe. Shuɗi na ɗan wata 6 zuwa 11, ja na wanda ya kai shekara. Duk yaron da ya yi ƙyanda ana ba shi ɗaya yau, ɗaya gobe. In ido ya riga ya nuna alama, a ƙara na uku bayan mako biyu zuwa huɗu. Ba ido kaɗai yake tsarewa ba, yana rage mutuwa.

Yanzu Gwaggo, in dawo kanki da girmamawa. Kwalli da yawa akwai dalma a cikinsa. Mu 'yan Zamfara ba sai an ba mu labarin dalma ba, mun ga 2010, mun ga abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka tafi. Kuma ido mai gyambo, ko tsinken kwallin kaɗai ya isa ya kai masa ƙazanta. Wanka ba ya maida baƙo ciki, a goge shi da ruwan ɗumi, a goge kwantsar ido da tsumma mai tsabta, a wanke baki. Rufe ɗaki kuma akwai rabin gaskiya a ciki: a raba shi da sauran yara, eh. Amma a buɗe taga.

Auta: Gwaggo ta ce: "Ki hwaɗa ma nas abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinai. Goma sha ɗaya nih haihwa. Baƙo bai kashe min ko guda ba. Wanda ya rasu bayan ya yi baƙo, ai sai da ya yi kwana arba'in da tashi, ciwon haƙarƙari ne ya ɗauke shi. Ita kuma mai bi mishi zawo ne."

Anti Nas: Allah ya jiƙansu Gwaggo, ya sa masu ceto ne.

Yaya Babba: Amin.

Amarya: Ni duk jikina ya yi sanyi. Anti, kwana biyu da suka wuce na je dubiya gidan maƙwabciyarmu, ɗanta na fama da shi, ƙurajen sun fito masa ranar. Na zauna a ɗakin kamar rabin awa, da yaron kishiyata ɗan wata 10 a bayana. Kuma kin san halin da nake ciki, wata biyar.

Anti Nas: An yi wa yaron allurar wata 9?

Amarya: An kai shi, aka ce a dawo ranar Talata. Talatar ta zo aka yi rasuwa, shi kenan aka shashantar.

Anti Nas: A kai shi yau, kada a kwana. In aka yi allurar cikin awa 72 da haɗuwa da mai ciwon, tana iya hana shi kamuwa ko ta sassauta. Ku gaya musu dalili. Ke kuma ba a yi wa mai ciki wannan allurar. In kin yi ƙyanda kina ƙarama, ko an yi miki rigakafi, to da sauƙi, ba a cika yin ta sau biyu ba. Tambayi Inna. In babu tabbas ki je wurin awo ki faɗa musu, ki kuma sa ido daga kwana 10 zuwa 14, lokacin ne zazzaɓi ke fara fitowa. Ga mai ciki tana iya kawo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko ciwon huhu mai tsanani ga uwar.

Dubiyar nan fa ita ke raba mana cutar gida gida. A iska take tafiya. Mai ciwon zai iya barin ɗaki, ƙwayar ta zauna a iskar ɗakin har awa 2. In mutum 10 marasa garkuwa suka zauna da shi, kusan 9 za su ɗauka. Kuma yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito, lokacin da kowa ke cewa mura ce, har kwana 4 bayan sun fito. Ku auna wannan da gidan suna, ko ajin Islamiyya, ko makarantun da 'yan gudun hijira ke kwana talatin a ɗaki guda.

Kawu na Kaura: Tau ga irin ta nan. An kai yaro, an ce a dawo Talata. Amma ta shan inna har ɗaka suka biyo ka da ita, ko ba ka so. Ka tai asibiti da zazzaɓi a ce sayo magani. Wanda ka damuwa da ɗanka haka, mi ya hana shi ba ka na zazzaɓi kyauta? Kuma ba mu mance abin da anka yi ma yara Kano ba a 1996 lokacin sanƙarau. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Anti Nas: Kawu, a nan ba zan yi maka musu ba. Abin Kano ya faru, gwajin sabon magani ne a kan yara marasa lafiya, har kotu aka je. Kuma shi ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003, da jiharmu a ciki. Amma ta ƙyanda ba gwaji ba ce. Tun 1963 ake yin ta, ita ake yi wa 'ya'yan Makka da Madina da na Ingila. Kafin ta yaɗu, ƙyanda na kashe kimanin mutum miliyan 2.6 duk shekara a duniya. A 2023, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta kashe 107,500, yawancinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar da ba a yi wa allurar ba.

Batun Talata kuma, ni ma yana ci mini rai, amma ga dalilinsa. Maganin gari ne a kwalba, na yara 10. In aka haɗa shi da ruwansa, awa 6 kawai yake yi, sauran sai a zubar. To sai ma'aikaci ya ƙi buɗewa don yaro ɗaya, ya tara su rana guda. Ni ra'ayina gara a buɗe a zubar da tara da a mayar da uwar da ta biya kuɗin mashin daga ƙauye, don da wuya ta dawo. Ina faɗar haka a wurin aiki, ba kullum ake saurarata ba.

Ɗan Kemis: Amma Anti akwai yaron layinmu da aka yi wa ta wata 9 kuma ya yi ƙyandar. Uwarsa ta ce ba ta ƙara kai kowa.

Anti Nas: Yana faruwa. Ta wata 9 tana kama wa kamar yara 85 cikin 100, saura sai an maimaita. Shi ya sa aka ƙara ta biyu a wata 15, wadda mata da yawa ba su ma san da ita ba, a zatonsu daga wata 9 an rufe kati. Wanda ya samu biyun, da wuya ƙwarai ya kamu. Kuma sai an yi wa kusan 95 cikin 100 na yaran gari kafin cutar ta rasa hanyar wucewa, a nan ne jariran da ba su kai wata 9 ba ke samun inuwa.

Malam: Kawu, in ƙara da nawa. Masu cewa ai ƙaddara ce, gaskiya ne, komai ƙaddara ne. Amma lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka ce masa annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa. Da aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ni dai a makarantata na sa doka, yaron da ke zazzaɓi da jan ido ya zauna gida. Iyaye biyu sun yi fushi sun cire 'ya'yansu.

Kawu na Kaura: Malam, ban ja da kai ba. Ni dai ba ni son a riƙa ma mutane kallon jahilai.

Auta: Anti, ƙanwar ƙawata ta yi ta taune-taune tana cikin ƙyanda, aka ce iskokai ne, aka yi ta hayaƙi. Yanzu ba ta magana sosai.

Anti Nas: Mai yiwuwa ta taɓa ƙwaƙwalwa. Kamar yaro 1 cikin 1,000 ke samun kumburin ƙwaƙwalwa, wasu su rasu, wasu su tashi da kurumta ko taɓin hankali ko farfaɗiya. Jijjiga, ko barcin da ba a iya tada yaro, asibiti ne kai tsaye. Akwai ma wani nau'in da ba a cika gani ba, wanda ƙwayar ke laɓewa a ƙwaƙwalwa shekara 7 zuwa 10. Yaro na makaranta lafiya lau sai ya fara mantuwa, hali ya canza, jiki ya riƙa fizga, a hankali har ya kwanta. Ba shi da magani, kuma ya fi samun wanda ya yi ƙyanda kafin shekara biyu.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na baki. Yaron da ƙyanda ta bari da tamowa, in dasashinsa ya fara gyambo yana wari, kumatu ya kumbura, kada a ce ciwon iska ne a tsaya shafe-shafe. Ciwon da likitoci ke kira noma kenan, cikin sati biyu tana iya huda kumatu ta cinye leɓe da hanci. A Sakkwato akwai asibiti guda da aka ware don ita, ku tambayi duk wanda ya taɓa leƙawa. Da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci da wanke baki kan tsayar da ita. Don haka wata biyu zuwa uku bayan baƙo ya tafi, uwa ta riƙa buɗe bakin yaro tana dubawa, ta ƙara masa ci: kunun gyaɗa, wake, ƙwai, zogale, manja, gwanda, mangwaro in lokacinsa ne.

Auta: Gwaggo ta ce ƙwai dai a'a, yaro zai yi sata.

Yaya Babba: Ki ce mata na ɗauki nauyin duk abin da ya sata.

Maman Biyu: Mun iso tun ɗazu, sai yanzu na samu zama. Sun ware mu a wani ɗaki, sun sa masa iskar numfashi a hanci da ƙarin ruwa, an yi masa allura. Sun matsa masa jan abin nan a baki, sun ce gobe za a ƙara. Likitan ya buɗe idon da fitila, ya ce na dama lafiya, na hagu akwai ɗan tabo, sun sa man ido sun rufe da bandeji, sai nan da kwana uku za a san ko zai bar hakiya. Ya tambaye ni katinsa, na ji kunya, tun ta wata uku da rabi ban koma ba.

Anti Nas: Ba lokacin kunya ba ne, kin kai shi. Su Hassan da Husaini fa, an yi musu?

Maman Biyu: Sau ɗaya, lokacin da aka zo ƙofar mai unguwa. Husaini ya kwana da ɗumin jiki jiya, yana ta atishawa.

Anti Nas: A raba shi da yaran gidan yanzu, musamman jaririyar matar yayanki. A duba cikin kumatunsa da tocila, in an ga ɗige-ɗige farare kamar garin gishiri a tura mini hoto. Wa ke gidan?

Yaya Babba: Inna ce kaɗai, kuma ba ta iya waya ba. Auta, ki shirya in zo in kai ki.

Auta: To Yaya. Gwaggo ta ce ita ma za ta, wai tana ɗaure kwallinta a bakin zane.

Yaya Babba: Ki san yadda za ki yi ki mance shi a gida. Ga ni nan tafe.